Shafen Bahago

Shekara arba'in da shida na yi ina gini. Ban taɓa cewa bango ya yi ba sai na tsaya a gabansa, na ƙwanƙwasa shi da ƙotar guduma, na ji abin da zai ce. Haka na koya wa duk wanda ya ɗauki cokalin gini a ƙarƙashina. Karatuna aji uku ne. Ina karanta lambobi, da sunana, da rubutun jikin buhun siminti. Sauran aikin na ido ne da kunne.

Da gwiwa ta sauko da ni daga kan tsani, 'yata Auta ta saya mini waya mai shafawa. Ta saka ni a zauren waya na iyayen yaran makarantar unguwarmu, saboda jikata tana aji biyu a can. Wuri ne da kowa ke jefa magana kowa ya ji. Rubutu ba na bi ta kansa. Murya da hoto nake buɗewa.

Ran Litinin da hantsi ina zaune a ƙofar gida saƙo ya shigo daga Mai Famfo. Shekara talatin muna aiki tare, ina ɗora bulo yana bi da bututu. Bai taɓa yi mini ƙarya ba. In ya ce wuri zai yi yoyo, to ka nemi bokiti.

Hoto ne da murya. Hoton na bangon aji ne, an yi shafe ba a yi fenti ba. Tsagewa ta tashi daga kusurwar taga ta nufi rufi, faɗinta zai ci hannun mutum. Muryar ta namiji ce, a natse, kamar mai karanta labarai.

"Iyaye, ku duba da kyau. Wannan sabon ajin makarantar unguwarku ne. Ɗan kwangila ya cinye siminti. Ku cire 'ya'yanku tun ba a tono su da shebur ba. Ka tura wa duk wanda kake ƙauna."

Sababbin azuzuwa biyu ne a makarantarmu, kuma na san wanda ya gina su. Bahago muke ce masa. Yana da shekara goma sha huɗu aka kawo mini shi. Shekara uku na yi ina dukan hannunsa na hagu don ya koma dama, na gaji na ƙyale shi. Ya yi shekara goma sha tara a ƙarƙashina, sannan ya kama gabansa. Yanzu furfura ta fara taɓa shi, yana da 'ya'ya biyar. Bara kwamitin makaranta ya ba shi azuzuwan biyu, da alkawarin in sun yi kyau za a ƙara masa huɗu. Bai zo ya nemi shawarata ba. Bai ce in zo in gani ba. Ni ma ban je ba, ko da yake daga ƙofata zuwa makarantar shayi ba zai huce a kofi ba.

Na dubi hoton sau biyu. Na danna, na tura shi zauren iyaye, na ɗora muryata a kai.

"Ni ne tsohon magini, kowa ya san ni. Na gani. Wannan tsagewa daga harsashi take. Ba ta da gyara sai rushewa."

Wayar ta nuna daƙiƙa goma sha ɗaya.

Washegari azuzuwan biyu ba kowa. Shugabar makaranta ta turo dogon rubutu, ba wanda ya karanta. Ta turo hoton bango lafiya lau, aka ce gefen da ta ga dama ta ɗauka. Wasu suka ce ai an lulluɓe tsagewar da sabon shafe. Iyaye suka taru a bakin ƙofa suna hayaniya, sai ta sa kwaɗo a azuzuwan, ta hana kowa shiga harabar. Kwamiti ya ce a tsayar da aikin Bahago, ya sa taro ran Asabar ƙarfe huɗu don a karɓe shi a ba wani. Leburorinsa suka watse.

Ran Juma'a da yamma Auta ta zo. A laburare take aiki. Kowace Asabar da safe tana tara tsofaffi a ɗakin baya tana koya musu waya. Wata biyu tana bina in je, ina ce mata kaza ba ta koyon tono a wurin ɗan tsako.

Ta gaishe ni, ta zauna a bakin dakali.

"Baba, yau a mota na ji muryarka a wayar wata mata da ban taɓa gani ba."

"Gaskiya tana da ƙafa."

"Ka ga bangon?"

"Na gani."

"Da ƙafarka ka je?"

Na ce ta shiga ta gaida uwarta. Ta shiga, ta daɗe, ta fito tana gyara jaka.

"Gobe ka zo ajina. Ba koyo za ka yi ba. Wani gini nake so ka duba mana, ba mu da wanda ya san gini."

Na san dabara ce. Amma ba a taɓa kirana duba gini na ƙi ba.

Ɗakin ƙarami ne. Kujerun roba goma sha biyu, fanka mai lanƙwasasshen fiffike, da babbar talabijin a bango wadda take haɗawa da wayarta. Mai Famfo yana can. Akwai Tela, da wata tsohuwar ungozoma da ba ta iya ganin abu ta yi shiru, da wasu da ban sani ba.

Ungozoma ta ce, "A'a! Yau dutse ya tako da ƙafarsa. A ba shi kujerar gaba, kunne ya tsufa."

Na ce, "Kunnen da ya jure muryarki shekara hamsin ba abin da zai same shi."

Auta ta bari aka gama dariya. Sannan ta ce yau ba za a koyi danne-danne ba, tambaya za a koya. In saƙo ya zo, kafin yatsa ya motsa, a tambaya wa ya fara faɗa, yaushe aka faɗa, kuma ban da shi wa ya gani. Ta ce duk saƙon da ya tayar maka da hankali kuma ya ce ka yi sauri, to shi ne ya fi buƙatar a zaunar da shi a ba shi ruwa.

Sai ta sa hoton bangon a talabijin. Kowa ya san muryar wa ke tafe da shi.

"Baba, wa ya turo maka?"

"Ga shi nan zaune." Na nuna Mai Famfo.

"Kawo wayarka." Ta nuna mini wata 'yar kibiya a saman saƙon, ƙarama kamar ƙudan da ya sauka. "Ka ga wannan? Ma'anarta ba shi ya ɗauki hoton ba. Turo masa aka yi, shi ma ya tura. In kibiyar biyu ce, to ya bi hannu da yawa. Taka biyu ce."

Kibiyar na sha ganinta. Na ɗauka ado ne.

Na juya wajen Mai Famfo. "Ba kai ka je ka ɗauka ba?"

"Ni? Da wace ƙafar? Surukina ya turo mini."

"Shi ya je?"

"Ya ce wani abokin aikinsa ne ya turo masa. Ni fa tambayarka na yi niyyar yi, shi ya sa na tura maka. Kafin in kira ka sai na ji muryarka a zaure ka ce ka gani. Na ce to, magana ta ƙare, tunda Magini ya gani."

"Ni saboda daga hannunka ya fito na yarda."

Ungozoma ta tafa hannu. "Kai ka jingina da shi, shi ya jingina da kai, ba wanda ya taɓa ƙasa. Magini, in bango biyu suka yi haka me ake ce musu?"



Auta ta ce a sake sauraron muryar mutumin, amma wannan karon a nemi suna. Ta kunna. Muka kasa kunne har ƙarshe. Bai faɗi sunansa ba. Bai faɗi sunan makaranta ba, ko unguwa, ko rana, ko ɗan kwangilar. Makarantar unguwarku kawai ya ce.

Tela ya girgiza kai. "Wannan riga ce da aka ɗinka ba awo. Duk wanda ya saka sai ta shige shi."

"To Baba, ga ginin da na ce ka duba mana." Ta ɗora yatsu biyu a kan wayar ta ware su, sai hoton ya buɗe a talabijin, bangon ya matso har ana ganin yashin shafen. Ban san ana yin haka ba. A wayata duk hoton bai fi tafin hannu ba.

Na tashi na je gaban talabijin. Tsagewar na bari, na dubi gefenta, inda shafe yake lafiya.

Kowane mai shafe yana barin sawu. Katakon shafe in ya bi bango yana zana baka-baka, ko an goge sai mai ido ya gani. Mai hannun dama yana ɗaukowa daga ƙasa ya lanƙwasa zuwa hagu. Na Bahago kuwa dama yake kwanciya. Shekara goma sha tara ina kallon wannan sawun yana ba ni haushi. Kuma na san halinsa: zai ba lebura kwaɓi, zai ba wani ɗora bulo, amma shafe ba ya ba kowa.

Sawun da ke cikin hoton hagu ya kwanta, daga sama har ƙasa.

Na ce ta matso da cikin tsagewar. Ta matso. Jan tubali ne a ciki, ƙanana, irin na ƙonawa. Motocin da suka kai kayan makarantarmu ta ƙofata suka wuce. Ina zaune na ƙirga su, mota bakwai, duk bulon siminti ne mai inci tara.

"Baba, me ka gani?"

"Ba hannunsa ba ne."

"Ɗaga murya, kujerar baya ba su ji ba," in ji Ungozoma.

"Na ce ba hannunsa ba ne. Ba bulonsa ba ne. Ba makarantarmu ba ce."

Auta ba ta yi murmushi ba, na kuma lura da hakan. Ta ce idon gwani shaida ne, amma shaida ɗaya ne, a nemi na biyu. Ta nuna musu yadda ake ba waya hoto a ce ta nemo inda ya taɓa fitowa. Ta yi a hankali, sau biyu, kowa yana bi a tasa wayar. Tela ya ɓata, ya ɗauki hoton ƙafarsa, aka dawo da shi hanya.

Hoton ya fito a wurare da yawa. Mafi tsufa shekara shida ke nan, a wata ƙasa mai rubutun da ba wanda ya iya karantawa a ɗakin, bayan girgizar ƙasa. Daga baya ya sake fitowa sau huɗu, kowane da sunan wata makaranta daban.

Wani daga kujerar baya ya ce, "To wa ke yin wannan, kuma me yake samu?"

Auta ta ce ba ta sani ba. Wani don a yi ta sauraronsa yake yi, wani don ya ɓata wani, wani ma tsoro ne ya sa shi kamar kowa. Ta ce wanda ya fara ba ma iya kama shi, amma namu yatsan yana hannunmu.

Ban jira an tashi ba. Na ɗauki sandata na fita.

Rana ta take lokacin da na isa makarantar. Maigadi ya ce an hana shiga. Na ce ya je ya gaya wa shugaba wanda ya rufe azuzuwan ne ya zo. Ya dube ni, ya buɗe.

Bahago yana bayan azuzuwan, zaune a kan tarin bulon da aka sauke don sabon aikin. Shi kaɗai. Ya gan ni ya miƙe.

"Maigida."

"Ba ni guduma."

Ya ciro daga jakarsa ya miƙo. Na fara daga kusurwar gabas. Na bi bangon taki-taki ina ƙwanƙwasawa, sama iya hannuna, ƙasa iya gwiwata. Shugaba ta aiko da makulli, na shiga ciki na yi haka. Na karɓi igiyarsa mai ƙarfe a baki na sake ta a kowace kusurwa. Na duba kan tagogi da ƙofofi. Na sa ya tona mini gefen harsashi da shebur na leƙa. Ya fi awa ɗaya. Yana bina a baya. Sawun shafen duk dama ya kwanta.

A ƙarƙashin taga ta uku guduma ta yi ƙara irin ta ƙwarya. Wurin bai fi tafin hannu ba.

"Nan shafe bai kama ba."

"Na sani. Rana ta buge shi kafin in jiƙa. Zan fasa in sake."

"Ka fasa."

Na mayar masa da gudumar. Ya juya ta a hannu.

"Maigida, da ran Litinin ka zo."

"Ba ka kira ni ba. Tun farkon aikin ba ka kira ni ba."

"Shekara goma sha tara ban taɓa jin ka ce aikina ya yi ba. In kira ka ka ga me?"

Na dubi bangon. Na ce masa ƙarfe huɗu ya sa riga mai kyau.

Taron a babban aji aka yi, manya a kan bencin yara, gwiwoyi a sama. Mutum ya fi sittin. Shugaban kwamiti ya fara bayanin wanda za a ba aikin. Na ɗaga sanda. Ya ce ai ga ma wanda ya tona asirin, a ba shi wuri. Wasu suka tafa.

Na tsaya a gaban allo.

"Ran Litinin na ce na gani. Ban gani ba. Hoto na gani a waya, ina zaune a ƙofar gidana. Hoton ba na nan ba ne. Yau na je na duba bangon da guduma da igiya."

Aka fara gunaguni. Auta ta zagaya da wayarta benci-benci tana nuna tsohon hoton da shekararsa. Mai Famfo ya tashi ya faɗi nasa, ya haɗa da surukinsa, wanda ke zaune a wurin yana kallon silin.

Wata mata ta ce, "Baba, da maganarka na cire yarana uku. Ran Litinin ka ce a rushe, yau ka ce ba haka ba. Wacce za mu ɗauka?"

"Wadda na faɗa bayan na je."

"In an ba ka wani abu ne fa?"

Ba a taɓa yi mini wannan tambayar ba tun da na fara gini. Na ji ta har cikin haƙori. Amma ni na buɗe mata ƙofa.

Na ce, "Kada ki ɗauki ko ɗaya. Bangon yana bayan wannan tagar. Ga guduma. Ki je."

Ta je. Mutum wajen ashirin suka bi ta. Muna jin ƙwanƙwasa daga inda muke, wasu ma ba su san abin da suke saurare ba, amma sun zagaya sun ga ba tsagewa, ba sabon shafe. Da suka dawo shugaban kwamiti ya tambaye ni a gaban kowa, a matsayina na magini, me zan ce game da aikin.

Bahago yana tsaye a bakin ƙofa cikin farar riga.

"Akwai tafin hannu ɗaya a ƙarƙashin taga ta uku, zai sake. Ban da shi, aikin ya yi."

Kwamiti ya ce za a kira injiniya ya duba, in ya yarda aikin yana hannun Bahago. Injiniyan ya zo ran Laraba da na'urorinsa, ya yi rabin abin da na yi, ya sa hannu.

A daren taron ban yi komai ba. Da safe na sa Auta ta riƙe mini waya na yi sabuwar murya. Sau uku ina sakewa, don ta ce in faɗi sunan makarantar da ranar, kada tawa ma ta zama riga ba awo. Daƙiƙa arba'in ta yi. Na tura zauren iyaye, na ce duk wanda ya tura ta farko ya tura wannan. Mutum tara suka ce sun tura.

Magana zarar bunu ce. Yara shida ba su dawo makarantar ba, iyayensu sun riga sun kai su wani wuri. Biyu daga leburorin Bahago sun kama aiki da wani. Bayan wata guda Auta ta sake jin muryata ta farko a wayar wani, an ɗora ta a kan wata makaranta a wani gari da ban taɓa zuwa ba. Tsohon magini ya gani, in ji su. Ta ce ba yadda za a yi a janye ta. Ta biyun ba ta taɓa jin ta a wayar kowa ba.

Ina zuwa ajin Asabar yanzu. Kujerar baya nake zama. Na iya ware hoto da yatsu biyu, na iya neman inda ya fito, ko da yake sai an karanta mini abin da aka samo. Mai Famfo yana turo mini abubuwa har yanzu. In na ga kibiya sai in danna in ce, "Ka je?" Yakan ce in bar shi ya huta.

Ran da aka fara tonon harsashin azuzuwa huɗun ban jira kira ba. Na je na zauna a kan bulo, a inuwar bangon da na ce a rushe. Ƙarƙashin taga ta uku an fasa an sake, sabon shafen bai gama bushewa ba. Bahago yana cikin rami yana jan igiya. Ya ɗago ya gan ni, ya ce wa wani lebura ya kawo mini ruwa. Sannan ya sunkuya ya ci gaba da aikinsa, da hagu.